Kafin Ka Kai Baƙinka Bakolori

Ɗana, na ji daɗi da ka nemi shawarata tun abokanka na makaranta ba su iso ba. Ka ce 'yan birni ne, wasu daga Kano, wasu daga Kaduna, kuma tun da suka ji garinku Dosara na kusa da madatsar ruwa ta Bakolori suka ƙwallafa rai sai ka kai su. Kai kuma zuciyarka ta rabu biyu: kana ɗokin zuwansu, kana kuma jin nauyin kada su raina abin da za su gani, tunda idonsu ya saba da hotunan tsibiran hutu da ake nunawa a waya, irin su Zanzibar, yashi fari fat, ruwa shuɗi, baƙi na kwance a inuwar itacen kwakwa. Da wannan jin nauyin zan fara, domin in ba ka kawar da shi ba, shi zai tura ka ka yi abin da bai kamata ba don ka burge su.

Zanzibar tsibirai ne a Tekun Indiya, manyansu biyu, Unguja da Pemba, waɗanda suka haɗe da Tanganyika a 1964 aka sami ƙasar Tanzaniya. Mafi yawan mutanen can Musulmi ne kamarmu, masunta da manoma da 'yan kasuwa, kuma kanumfarin nan da iyayenku mata ke sawa a kunu da yaji yana cikin abin da aka san su da nomansa tun da daɗewa. Ka tsaya ka duba abin da baƙi ke biyan kuɗi su yi a can. Suna iyo, suna nutso don kallon kifaye, suna hawa jirgin katako mai tafiya da iska da yamma, suna bin masunta su ga yadda ake su, suna yawo a gonakin kayan ƙamshi, suna kallon birai a dajin Jozani, suna zaga tsohon garinsu na duwatsu wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a shekarar 2000. Teku kam ba mu da ita. Amma ruwa da jirgi da masunta da gonaki da tsuntsaye da tarihi, duk Allah ya ba mu rabonmu.

Abin da ke sa mutum ya bar ƙasarsa ya biya kuɗin jirgin sama zuwa can, bayan kyawun da Allah ya yi wa wurin, shi ne natsuwar da yake samu cewa akwai masu kula da shi. A wuraren da aka tsara da kyau, mai jirgi ya san adadin mutanen da zai ɗauka, ana miƙa wa kowa rigar kariya kafin ya taka, jagora ya san sa'ar da teku ke janyewa da sa'ar da take dawowa. Ranar da aka yi sakaci kuwa, ruwan nan mai kyau a hoto bai raga wa kowa ba: a watan Satumba na 2011 wani jirgi da aka maƙare da mutane da kaya ya nutse tsakanin Unguja da Pemba, ɗaruruwan rayuka suka salwanta. To ka ga abin da zai sa abokanka su koma suna yabon garinku yana hannunka. Hausawa sun ce baƙo ko yana da ido makaho ne. Daga sa'ar da suka sauka a tashar Mafara har sa'ar da ka mayar da su mota, kai ne idonsu, kuma amana ce iyayensu suka ɗora maka ko da ba su taɓa ganin fuskarka ba.

Kada kuma wani ya sa ka ji kamar fita shan iska aibi ne ga ɗan mutunci. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, kuma an ruwaito Sayyidina Umar yana horon mutane da su koya wa 'ya'yansu iyo da harbi da hawan doki. Kakanninka ma da ka ji ana yabon juriyarsu a gona, da zarar an kai amfani gida, dambe ne da kokawa da farauta da su har bazara. Jiki yana da hakkinsa. Wanda ya shafe watanni yana duƙe a kan takarda ya cancanci ya miƙe ƙafa ya shaƙi iskar ruwa.

Amma kafin su ga ruwan, ka ba su labarinsa, don su san a gaban me suke tsaye. Gulbin Sakkwato ne aka datse, wanda ke tasowa daga wajen Funtuwa ya ratsa Gusau ya gangaro mana. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin, aka kammala ginin madatsar a 1978. Tsawonta ya haura kilomita 5, tafkin da ya taru a bayanta ya mamaye kimanin hekta 8,000, ya miƙe kusan kilomita 19, yana ɗaukar ruwa wajen kubik mita miliyan 450. Daga nan ne kanal-kanal suka rarrabu suna shayar da gonakin Mafara da Bakura da Maradun, shi ya sa ka tashi ka ga shinkafa kore shar a tsakiyar rani kana zaton haka duniya take ko'ina.

Wannan ruwan ba a same shi a banza ba. Dubban mutane aka tasa daga gidajensu da gonakinsu na gado a ƙasar Maradun, ruwa ya shafe wuraren. Mutanen fadamun da ke ƙasa da madatsar, waɗanda ambaliyar kowace shekara ke ciyar da shinkafarsu da kifinsu, su ma sun ji a jikinsu. A watan Afrilu na 1980 manoman da ke neman diyyar gonakinsu suka tare hanyoyin aikin, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka zubar da jini a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen ƙasa suna lissafin ɗaruruwa. Har yau akwai tsofaffin da in sun dubi tafkin nan, gidan ubansu suke gani a ƙarƙashinsa. Ina gaya maka wannan ne don in kun isa ku yi sallama, ku gaida na gaba da ku, ku rage sautin kiɗa. Baƙon da ya san wannan tarihin zai dubi wurin da wani ido, kuma na tabbata shi ne abin da zai fi tsaya masa a rai bayan ya koma.

Sai maganar da ba na son yi amma dole: tsaro. Kai ɗan ƙasa ne, ka san halin da 'yan bindiga suka jefa mu a shekarun nan, ka san hanyar da take lafiya jiya tana iya lalacewa yau. Kada ka sa rana da kanka. Ka tambayi mai gari, ka tambayi masu babura da ke bin hanyar kullum, ka tambayi jami'an da ke gadin wurin, domin madatsar tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ba a faɗa mata kai tsaye sai da izini. In aka ce a dakata, ka dakata, ko da abokanka za su ce ka cika tsoro. Ku fita da hantsi bai ɗaga ba, ku dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Ka roƙe su kada kowa ya sa hoto a Facebook ko WhatsApp yana faɗin inda kuke sai kun dawo gida. A bar agogo mai tsada da manyan kaya a ɗaki. Mahaifinka kuma ya san inda kuka nufa da lokacin da za a sa ran ganinku.

Lokacin shekara ma abin dubawa ne. Daga ƙarshen kaka zuwa tsakiyar hunturu ya fi daɗi, tafki a cike, rana ba ta da zafi, gonakin rani sun fara kore. A bazara, watan Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40, ɗan birnin da ya saba da fanka sai ka ga jiri ya kwashe shi tun kafin azahar. In dole sai lokacin, ku riƙe ruwan sha mai yawa da malafa, ku nemi inuwa da tsakar rana. Da damina kuwa, musamman Agusta da Satumba, ban yarda ka kai kowa kan ruwa ba. Hadari kan haɗu cikin ɗan lokaci, iskar da ke gabansa ta tada igiyar da kwalekwale ba ya iya mata.

In Allah ya nufa kun tafi, ka fara kai su wurin masunta da sassafe, lokacin da ake fitowa da kamun dare. A ganina babu abin kallo a wurin da ya kai wannan. Su ga yadda ake jefa birgi ya buɗe a sama ya faɗo a kan ruwa, su ga yadda ake jan taru, yadda ake bin mamari ƙugiya bayan ƙugiya. Ka sa a nuna musu tarwaɗa da karfasa da kurungu, a gaya musu wanne ke son laka, wanne ke son sarari, wanne ne ƙayarsa ke sa ƙato hawaye. Masunci in ka girmama shi ka tambaye shi da ladabi, zai ba ka ilimin da babu shi a littafin makarantarku. Ku sayi kifi a hannunsu, kada ku matsa ciniki har ya zama cuta, a gasa muku a wurin da yaji da albasa. Sa'an nan ku zauna shiru na ɗan lokaci ku dubi tsuntsaye. Ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga balbela, ga kirinjijiya in an yi sa'a. Da hunturu akwai ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi sanyin a wurinmu su koma. Akwai Turawan da ke biyan maƙudan kuɗi don su ga irin wannan kawai, mu kuwa yaranmu danƙo suke ɗauka. Ka hana a harbe su.

Za su ce a hau jirgi, kuma babu laifi in an bi ƙa'ida. Ka nemi shugaban masunta, Sarkin Ruwa ko wakilinsa, shi ya zaɓa muku matuƙi. Ka duba jirgin da idonka: in ka ga ana kwalfe ruwa tun yana gaɓa, ka nemi wani. Ka tambayi matuƙin mutum nawa yake ɗauka, sa'an nan ka rage biyu daga abin da ya faɗa, ka biya kuɗin kujerun da aka bari. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar kariya, kuma gaskiya ta faɗa. Ka rubuta wa abokanka su sayo rigunan daga birni, in sun tashi komawa su bar wa masuntan, sadaka ce mai gudana. In ba a samu ba, kowa ya riƙe jarka wadda babu komai a ciki, mai murfi a ɗaure tam. Kowa ya zauna inda aka ajiye shi. Sau da yawa kifewar ƙaramin jirgi daga mutum ɗaya ne da ya miƙe tsaye, sauran suka karkata gefe guda, kuma a zamanin nan abin da ke miƙar da mutum tsaye a jirgi hoto ne.

Na san abin da ake cewa, wai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, amma wanda ya koya mana tawakkali shi ne ya ce a ɗaure raƙumi tukuna. A ƙarshen Nuwamba na 2021, a madatsar Watari ta Bagwai a jihar Kano, jirgi ya kife da mutane, aƙalla 29 suka rasu, mafi yawansu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar Mauludi. A Satumba na 2024, nan Gummi cikin jiharmu, jirgi ya kife da gomman manoma masu zuwa gona. In ka bi labarin irin waɗannan, abu ɗaya kake ta tararwa: lodi ya wuce kima, babu rigar kariya. Waɗancan bayin Allah larura ce ta sa su hawa, ba su da wata hanya. Ku da kuka je nishaɗi ba ku da uzurin da zai sa ku cika jirgi.

Iyo kuwa, a nan ne nake so ka fi taurin kai. Wani cikinsu zai ce maka ya iya, kuma ba ƙarya ya yi ba, ya iya a tafkin wanka na otal inda ake ganin ƙasa, ga bango a kowane gefe. Tafkin madatsa daban yake. Kana tafiya ruwa iya gwiwa, taki ɗaya sai ka ji babu ƙasa, saboda tsohon kwarin gulbi na nan a ƙarƙashi. Akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, akwai tsoffin taru da ƙugiyoyi da suka tsinke, akwai lakar da ke riƙe ƙafa. Sama ɗumi, ƙasa sanyi, har jijiya ta ɗaure wa mutum. Kada kowa ya yi tsalle da ka cikin ruwan da bai san zurfinsa ba. Kusa da jikin madatsar da ƙofofinta kuwa ko kusantar ruwan kada a yi, domin yana ja ta ƙasa alhali samansa kwance lumui.

Babban kanal ya fi tafkin yaudara. Ga shi ɗan siriri, kana ganin ƙetarensa, sai ka raina shi. Amma bangonsa a karkace yake, gansakuka ta sa shi santsi, wanda ya faɗa ba ya samun abin kamawa, ruwa na tafiya da shi har inda zai kutsa ƙarƙashin hanya ko ƙofar ƙarfe. Tun da aka yi gyaran kanal-kanal ɗin da tallafin Bankin Duniya a shirin TRIMING, wuraren da da suka cushe da ciyawa yanzu ruwa na gudu a cikinsu. Alheri ne ga manomi, amma mai wanka ya kiyaye.

Ko da kun kiyaye duk wannan, ka san abin yi in wani ya faɗa. Mai nutsewa ba ya ihu kamar yadda ake nunawa a fim. Bakinsa na shiga ruwa yana fita, ba shi da numfashin kira, hannuwansa na dukan ruwa, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci ya ɓace. Shi ya sa a kowane lokaci mutum ɗaya zai zauna a tudu, ba waya a hannunsa, aikinsa ƙirga kawuna. In abin ya faru kada ka daka tsalle ka bi shi, sau da yawa gawa biyu ake fitarwa, domin mai nutsewa yana ƙanƙame duk abin da ya taɓa. Ka miƙa masa doguwar gora ko rawani, ko ka jefa masa jarka ɗaure da igiya, kana kiran masunta. In an fito da shi ba ya numfashi, a bar tsohuwar al'adar nan ta danna ciki ko ɗaga mutum ƙafa sama wai ruwa ya zubo, ɓata lokaci ne. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri, ana yi ana sake hurawa, har ya motsa ko ma'aikacin lafiya ya karɓa. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi asibiti, ruwan da ya shiga huhu yana iya tada ciwo bayan sa'o'i. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021 kaɗai, yara da matasa ne kan gaba. Ka je asibitin Mafara ka roƙi wani ma'aikaci ya nuna maka wannan dannawar da hannunsa kafin baƙin su zo; ba abin da za a koya daga wasiƙa ba ne.

Da rana ta yi, ku dawo tudu, nishaɗin tudu ya fi yawa ma. Ka haɗa su da samarin gari a buga ƙwallo. Ka sa a koya musu langa, ka ga yadda ɗan jami'a zai riƙe ƙafa ɗaya yaro ɗan shekara goma ya tuntsurar da shi, a yi dariya a zama abokai. Ka zaunar da su gaban tsofaffi masu dara a gindin bishiya. In akwai mai doki mai sanyin hali, a ɗora su a ja musu linzami. Ka zaga da su gonakin rani su ga yadda ake buɗe wa fangali ruwa a toshe, su san shinkafar da suke ci a birni da gumin wa ta zo. In zuwansu ya dace da ranar Talata, kasuwar Mafara kaɗai ta ishe su yini. In kuma ana dambe ko kokawa a kusa, wurin da aka san shi da tsari, ka kai su kallo, ka gaya musu ƙasar nan ce ta haifi Shago na 'Yar Kofoji ta Bakura, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙar da har yau ake saurare, ita ce kuma ƙasar Musa Ɗanƙwairo Maradun. Kallo na ce. Kada zugar makaɗa ta ɗebi wani ya ce a naɗa masa zare, kuma kada a sa kuɗi a kan kowa, caca tana lalata wasa tana lalata abota.

In suka tambaye ka ko Hausawa sun taɓa mayar da wasan ruwa abin da duniya ke zuwa gani, ka nuna musu ruwan da ke fita ta ƙofar Bakolori. Shi ne ke haɗuwa da Rima kusa da Sakkwato ya gangara Argungu. A can, tun ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, wadda ta ƙarfafa sulhu tsakanin Kabawa da Sakkwatawa, ake bikin kamun kifi a Matan Fada. Dubban masunta ke faɗawa ruwa lokaci guda da gora da homa, ga tseren kwalekwale, ga gasar nutso, ga kamun agwagwar ruwa, ga kamun kifi da hannu. UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya a 2016. Abin lura a wurina shi ne ba a shiga ruwan sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kuma ana hana kamun kifi a wurin tsawon shekara don kifi ya girma. Bikin ya tsaya kusan shekara goma kafin a dawo da shi a Maris na 2020, rashin tsaro na cikin dalilan. Sulhu ne ya haife shi, tsoro ya dakatar da shi. Ina roƙon Allah ya nuna muku ranar da bakin tafkin nan namu zai sami rumfuna da jirage masu rajista da samarin da aka horar don ceto, baƙi su zo daga Gusau da Sakkwato da Maraɗi ba fargaba. Ku ne za ku yi wannan aikin, kuma daga yadda ka riƙe baƙi biyar ake gane mai iya riƙe ɗari biyar.

Akwai 'yan ladubban da nake so ka faɗa musu tun a gida, don kada ka gyara su a gaban mutane su ji kunya. Mashaya wurin aikin mata ne, suna wanki suna ɗiban ruwa. A kauce musu, kuma kada a ɗaga waya ta wajensu. Kowane mutum za a ɗauka hoto, a tambaye shi. Kada a taka kunyar gona, kada a tsinki abin da ba a ba ku ba. Ledar ruwa da robar lemo a tattara a dawo da su, dabbobi na ci su mutu, kanal na toshewa. Lokacin salla in ya yi a tsaya a yi. Duk wanda ka ga alamar yana shan ƙwaya ko maganin tari don maye, kada ya kusanci ruwa, kuma ka yi masa magana a keɓe da taushi.

Ƙannenka mata ma za su so zuwa, kada ka manta da su. In mahaifiyarku ta yarda, a shirya musu tasu fitar tare da manya. Na kan yi tunanin yadda haɗarin jirgi ke cin mata da yara fiye da kowa, saboda mun bar iyo ga maza kaɗai. A Nungwi, arewacin Unguja, akwai masu koya wa 'yan mata Musulmi iyo, mata na koya wa mata, cikin sutura mai rufe jiki duka. Wannan abin koyi ne da ya fi farin yashinsu amfani gare mu, kuma bai saɓa wa kunyarmu ba.

Saura abu guda, wanda ba a gani da ido. Ruwan kwance da na kanal a ƙasar noman rani gidan tsargiya ne. Wata 'yar ƙaramar katantanwa ce ke ɗauke da ƙwayar cutar, ta sake ta cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka ko mai wanki ba tare da ya ji ba. Bayan wani lokaci sai a ga jini a ƙarshen fitsari. A da har cewa ake yi alamar balaga ce ga yaro namiji, alhali ciwo ne da in ya daɗe yake lalata mafitsara da ƙoda, mata kuma ya taɓa musu mahaifa. Mai ɗauke da ita in ya yi fitsari a ruwa, ya mayar wa katantanwar ƙwai, haka abin ke zagayawa. Don haka kada kowa ya yi bawali a ruwa ko a bakinsa, addini ma ya hana. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ka ce wa baƙinka su ji daɗin tafkin daga jirgi da gaɓa, wanka kuma a yi shi a gida da ruwan rijiya ko na burtsatse.

Maganinta yana nan, sunansa praziquantel, ana ba da shi gwargwadon nauyin mutum ko tsawonsa, shi ne wanda ake raba wa yara a makarantu. Kai da ka yi ƙuruciyarka a kanal, ka je a duba fitsarinka ko ba ka ga jini ba. Baƙon da bai taɓa haɗuwa da cutar ba kuwa, takan zo masa da zazzaɓi da tari da ƙaiƙayi makonni bayan ya koma, a yi ta ba shi maganin cizon sauro ba sauƙi, domin likitan birni ba zai kawo tsargiya a ransa ba sai an gaya masa. Saboda haka duk wanda ya jiƙa jikinsa a ruwan nan, ka riƙe sunansa. Bayan wata ɗaya zuwa biyu ka kira shi ka tambayi lafiyarsa, in ya ce yana jin jiki, ka ce ya faɗa wa likita ya shiga ruwa a Bakolori, a gwada shi.

Ka gaida mahaifiyarka. In ranar ta tsaya, ka aiko a gaya mini, zan yi wa masuntan magana da kaina. Allah ya yi maka albarka.